Kara, Kaba da Yumɓu: Kayan Horar da Yara Masu Naƙasa a Makarantun Sabon Birni da Isa

Kafin yaro ya karanta baƙi ɗaya a aji, akwai ayyuka da dama da ake ɗauka ya riga ya iya su tun daga gida. Ana sa ran zai zauna ya miƙe baya har darasi ya ƙare, ya riƙe fensir tsakanin yatsu uku, ya bi layi da ido, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya kai moɗa baki bai zubar ba, ya kuma kai kansa bayan gida ya dawo. Mafi yawan yara a wajen wasa suke koyon waɗannan, babu ma wanda ke lura da ranar da suka iya. Amma ga yaron da ya sha wuya wajen haihuwa har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko wanda sanƙarau ya bari da kurunta da raunin gaɓoɓi, kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan tudu ne da sai an taya shi hawa. Sau da yawa a nan karatunsa ke tsayawa. Malami ya ga ba ya rubutu sai ya zaci ba ya fahimta, iyaye su ga kamar wahalar banza ake yi, daga nan a daina kai shi.

Akwai fanni guda a cikin kiwon lafiya da aka keɓe domin wannan matsala, wanda za mu kira shi jinya ta hanyar aiki. Ya bambanta da gashin ƙashi da mutane suka fi sani. Mai gashin ƙashi ya fi mayar da hankali ga ƙarfin tsoka da motsin gaɓa. Shi kuwa masanin jinya ta hanyar aiki tambayarsa ita ce: wane aiki yaron nan yake bukatar yi a yininsa, me ke hana shi, kuma me za a canza, a jikinsa ko a kayan aikin ko a wurin zaman, domin ya iya? An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a garin Clifton Springs na ƙasar Amurka a shekarar 1917, kuma fannin ya bunƙasa ne a asibitocin sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka riƙa sa su saƙa da sassaƙa da ɗinkin fata domin hannayensu da zukatansu su farfaɗo. A 1952 aka kafa tarayyarsu ta duniya. Ashe tun asalinsa fannin da sana'ar hannu ya tashi, kuma wannan abin lura ne ga ƙasar da sana'ar hannu ba baƙuwa ba ce a cikinta.

A Nijeriya masu wannan ƙwarewa ƙalilan ne ƙwarai. Wuraren da suka yi suna wajen horar da su, wato makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, duk suna kudu, kuma waɗanda suka kammala sun fi taruwa a manyan asibitocin birane. A jihar Sakkwato ma, wuraren da iyali za su nufa da yaro mai irin wannan larura, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, da Makarantar A.A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman, suna cikin birni ne ko kewayensa. Daga Gatawa ko Tsamaye ko Unguwar Lalle, ko daga Turba da Bafarawa a ƙasar Isa, tafiyar sa'o'i ce a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar. Uwar da za ta goya ɗan shekara takwas ta shiga mota zuwa Sakkwato tana iya yin haka sau ɗaya ko sau biyu. Ba za ta iya yi kowane mako ba, alhali horon hannu abu ne na kullum.

Yaran kuwa suna nan. Allurar rigakafi ta yi aikinta a kan shan-inna: a 2016 aka ga ta ƙarshe ta asalin ƙwayar cutar a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Sauran hanyoyin naƙasa ba su rufe ba. Akwai doguwar naƙuda a gida, da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, wadda kan bar yaro da motsin gaɓoɓi marar kan gado da kuma raunin ji. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, da ƙyanda da ke taɓa ido, da sanƙarau wanda annobarsa ta 2017 ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Akwai kuma cutar noma mai cin naman fuska, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Yaron da aka yi wa aiki a can yakan dawo gida da bukatar motsa muƙamuƙi kullum da sake koyon tauna da magana.

Abin da ke cikin kwali da abin da ke bayan gida

Duk mai niyyar taimako, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya sayo kaya daga waje: tubalan roba masu launi, da ƙullun roba na matsawa, da kujeru masu madauri. Kayan suna da kyau, kuma suna yin kyau a hoto. Sai dai wanda ya san makarantun ƙauye ya san ƙarshensu. Saboda tsadarsu shugaban makaranta yakan kulle su a ofis don kada su ɓata. Wanda aka fito da shi, zafin bazara ya busar da shi ko ƙurar hunturu ta cika shi, idan kuma yanki ɗaya ya ɓace babu inda za a samo madadinsa. Ranar da gari ya watse, kamar yadda garuruwa da dama suka watse tun daga 2019 mutanensu suka tsallaka jihar Maraɗi ko suka taru a Sabon Birni da Isa, babu mai ɗaukar kwalin kayan wasa a ka.

Wasu ƙasashe sun riga mu gano haka. A ƙauyen Ajoya na ƙasar Meziko, naƙasassun ƙauyen da kansu suka kafa wurin ƙera kayan taimako da itace da tsofaffin tayoyi, kuma daga aikinsu ne David Werner ya rubuta littafinsa kan yara naƙasassu na karkara a 1987, wanda har yau ma'aikatan lafiya ke amfani da shi. A Zimbabuwe, Bevill Packer ya tsara hanyar yin kujeru da tebura masu ƙwari da kwali da takarda da kokon gari kawai. Mu kuwa a ƙasar Gobir muna da abin da ya fi kwali yawa: karan dawa da na gero bayan girbi, kaba da goriba, ƙwarya da gora, yumɓun fadamar Gulbin Rima, ƙaro, da fatar jar akuya wadda sunanta ya kai ƙasashen Turai tun ƙarnoni da suka wuce. Muna kuma da dukawa da maƙera da masassaƙa da maginan tukwane da teloli waɗanda za su iya sarrafa su idan aka nuna musu abin da ake so.

Hannu

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara bakwai wadda hannunta na dama yake a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora mata fensir a matsa mata ta rubuta. Rubutu shi ne matakin ƙarshe. Hannu yana koyon aiki ne daga kafaɗa zuwa yatsu, daga babban abu zuwa ƙarami, kuma gwanintar masanin wannan fanni ita ce jera matakan yadda kowanne zai ɗan fi na baya wuya ba tare da ya gagari yaro ba.

Yumɓu ne mafari mafi kyau. Yarinyar za ta danna shi da tafin hannu biyu tana jingina nauyinta a kai, abin da ke buɗe dunƙulallen hannu ya kuma ƙarfafa kafaɗa. Daga nan ta mulmula shi ya zama dogo, ta gutsura shi, ta dunƙula ƙananan ƙwallaye da kan yatsu, ta tono tsakuwar da malami ya ɓoye a ciki. Alherin yumɓu shi ne ana iya daidaita taurinsa da ruwa: mai laushi ga hannu mai rauni, mai tauri idan ƙarfi ya fara zuwa. Ƙullun roba na kanti sai an sayi kala huɗu ko biyar kafin a samu wannan bambanci.

Haka zura abu a igiya. A yanka karan dawa gunduwa-gunduwa, a huda tsakiyarsa mai laushi, a fara ba ta ta zura a tsinke mai tauri da aka kafa a ƙasa. In ta iya, a koma igiyar rama, sannan zare mai kauri da ƙananan gunduwoyi, a ƙarshe tsakiya irin ta ado. Saƙar kaba tana koyar da abin da ba kasafai ake lura da shi ba, wato hannu ɗaya ya riƙe ɗayan ya yi aiki, wanda shi ne ainihin abin da ake yi lokacin da hagu ta danne takarda dama tana rubutu. Ɓarar gyaɗa da tsintar wake suna horar da tsinin babban yatsa da manuniya. Ƙaramin turmi da taɓarya suna haɗa hannu biyu a tsakiyar jiki. Carafke, idan aka sassauta dokarsa aka fara da ƙullin yashi a tsumma maimakon tsakuwa, yana haɗa ido da hannu.

A nan akwai wani abu da ya wuce motsa tsoka, kuma a ganina shi ne babbar hujjar fifita kayan gida. Yarinyar da ta koyi cusa tubalin roba a raminsa ta koyi abin da babu mai yin sa a gidansu. Wadda ta koyi ɓarar gyaɗa kuwa, da yamma za ta zauna cikin 'yan uwanta a tsakar gida ta yi aikin da suke yi, kakarta ta gani da idonta. Matsayin yaro a cikin gida yakan canza daga ranar da aka fara aikensa.

Idan lokacin rubutu ya zo, sai a gyara alƙalamin ya dace da hannun. Ana kauraro fensir ta hanyar naɗa masa robar cikin tayar keke, ko a zura shi cikin totuwar masara. Yaron da ba ya iya riƙo ko kaɗan, baduku zai ɗinka masa madaurin fata mai ɗan aljihu da ke zagaye tafin hannu, a soka fensir a ciki, in lokacin abinci ya yi a cire a soka cokali. Allon makarantar allo ma, yadda ake jingina shi a gwiwa a karkace, shi ne daidai karkatar da masana ke nema domin wuyan hannu ya ɗaga, ido kuma ya huta. Kafinta zai iya yin irinsa mai ƙafa a ɗora a kan benci. Kafin takarda kuma akwai yashi a faranti, inda yaro zai zana baƙi da yatsa ya share ya sake ba tare da tsoron ɓata littafi ba. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, da haruffa masu kaushi da yara ke shafawa ta koyar da rubutu. Igiyar da aka manna a kwali da ƙaro cikin siffar harafi, na boko ko na ajami, tana yin aiki iri ɗaya.

Zama

Hannu ba ya aiki idan jiki yana faman neman kada ya faɗi. Ƙa'idar ba ta da wuya: ƙugu ya shige can bayan kujera, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a dafe a ƙasa ko a kan wani abu, tebur kuma daidai gwiwar hannu. Yawancin bencin makarantunmu sun yi wa ƙananan yara tsawo, ƙafa na lilo, a wasu azuzuwan ma a ƙasa ake zama. Bulo ɗaya a ƙarƙashin ƙafa yakan gyara rubutun yaro fiye da wata guda na faɗa. Ga mai zaman ƙasa, akwai kujerar kusurwa, wato katako biyu da aka haɗa kamar lungun ɗaki domin su tallafi baya da kafaɗu, da ɗan turke mai laushi tsakanin cinyoyi don kada ya zame. Ana yin ta da kwali ma: a manna shi hawa-hawa da kokon rogo, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, a danne da nauyi har ya bushe, a lulluɓe da takardar buhun siminti. Tana ɗaukar nauyin yaro sarai. Abokan gabarta su ne gara da ɓera da damshin damina, don haka sai an shafe ta da fenti mai hana ruwa an kuma ajiye ta a sama. Yaron da jikinsa ke sandarewa yana bankarewa baya, a kwantar da shi cikin zani da aka ɗaure tsakanin turaku biyu a riƙa lilo da shi a hankali. Lanƙwasar da zanin ke yi masa takan sassauta jikin kafin a zaunar da shi darasi.

Ido, kunne da harshe

Rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa an gina shi ne a kan ɗigo shida, uku a hagu uku a dama. Duk wanda ya taɓa haƙa gurabun dara ya san yadda zai fara koyar da shi: gurbi shida a katako ko a busasshen yumɓu, ana saka tsakuwa ana cirewa, yaro na shafawa yana faɗin harafin, har yatsunsa su saba kafin a kai shi ga ƙananan ɗigo na takarda. Gora da aka zuba wa tsakuwa aka toshe ta zama ƙwallo mai ƙara da zai bi da kunne. Zabiya da sauran masu raunin gani bukatarsu zama a gaba, da hula mai baki, da rubutu manya da baƙar tawada a kan fari.

Yaron da yake ji yana kuma fahimta amma bakinsa ba ya fitar da magana, a zana masa hotuna a kwali ko a faifai: moɗa, kwano, bayan gida, gida, wurin ciwo. Nuni ɗaya da yatsa ko da ido yakan kawar da kukan da aka daɗe ana ɗauka rigima ce. Kurame kuwa suna da harshensu, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Alamomin da yaro ya zo da su daga gida jari ne da malami zai ɗora a kai.

Akwai kuma yaran da jikinsu lafiya lau amma sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wasu sun daina magana, wasu ƙarar babur kawai ke sa su shige ƙarƙashin benci. Aikin hannu mai maimaituwa, irin saƙa da mulmula yumɓu da kiɗan ƙwarya a tare, yakan kwantar da jiki. Idan yaro ya gina bindiga da yumɓu kada a tsawata masa, kada kuma a tsare shi da tambaya.

Hattara

Kasancewar abu na gida bai sa ya zama marar haɗari ba. 'Ya'yan idon zakara, jajayen nan masu baƙin ɗigo da ke jan hankalin yara, guba ne mai kisa idan aka tauna, musamman waɗanda aka huda domin zurawa a zare. Haka 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu. Jarkar maganin feshi ba ta wankuwa ta koma abin wasa. Tsohon batir da ƙasar wurin haƙar ma'adinai suna ɗauke da dalma, kuma ba a manta da ɗaruruwan yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba. Yaron da har yanzu yake kai komai baki, kada a ba shi abin da zai iya shige masa maƙogwaro. Bawon kara yana yanka kamar reza, sai an fere shi.

Haɗari mafi ɓoyuwa shi ne kayan da aka yi da kyakkyawar niyya ba tare da awo ba. Kujerar da ta matse takan haifar da gyambo a ƙugu, musamman ga yaron da ba ya jin zafi a wurin. Madaurin da aka ɗaure hannu da shi yini guda yana iya ƙara sandarar da gaɓar da ake son sakewa. Saboda haka arhar kayan ba ta ɗauke bukatar masani ba. Abin da ta yi shi ne ta sauya inda kuɗi ya kamata su tafi: ga kawo ƙwararre ya duba yara ya rubuta wa kowanne abin da za a yi masa, ga horar da malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta tare da uwayen yaran, da kuma biyan kafinta da baduku da tela ladan aikinsu yadda ya kamata. Tsakanin ziyara da ziyara ana iya aika wa masanin hoton bidiyo ta waya ya ba da shawara, amma kada a dogara da hakan kaɗai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyu. Abin da aka rubuta a littafi aka bar wa malami shi ne ke nan ko da layi ko babu.

Akwai kuma abubuwan da kara da kaba ba za su maye gurbinsu ba: tabarau, na'urar ƙara ji, allon rubutun makafi da abin hudarsa, keken guragu da aka auna da jikin mai shi, da maganin farfaɗiya wanda in babu shi duk wani horo yakan rushe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna mutum biliyan 2.5 ne a duniya ke bukatar aƙalla kayan taimako guda ɗaya, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba su samu ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaran nan haƙƙin ilimi kamar kowa, kuma ita ce madogarar da shugabannin makarantu da iyaye za su riƙe wajen neman waɗannan kaya daga hukuma. Kuɗin da aka tsimi ta hanyar yin kujera da kwali su ne za su iya sayen tabarau.

Wajen gano yaran da ke ɓoye a cikin gidaje, ungozomomi da masu unguwanni da sarakunan makafi da na guragu sun fi kowace takardar ƙidaya sanin inda suke. Bayan an same su, kowane yaro a buɗe masa shafi: abin da yake iya yi yau, abu ɗaya da ake so ya iya nan da wata uku, kamar shan ruwa da kansa ko rubuta harafin farko na sunansa, da awon kujerarsa. Yaro yana girma, kujera ba ta girma, don haka a sake awon sau biyu a shekara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da sabon kara ya samu kuma iska ta bushe yadda koko zai kama kwali, sai kuma gab da faɗuwar damina.